Asuwakin Zaitun

Shekara biyar na yi ina karatun aikin gona, amma ban taɓa ganin bishiyar zaitun da idona ba sai a kan rufin wani bene mai hawa takwas a unguwar Xiaobei, cikin birnin Guangzhou. Na san cututtukan dawa, na san na gyaɗa da na tumatir, a kansu muka yi jarrabawa. Zaitun kuwa a cikin Alƙur'ani na san shi, sai kuma a kwalbar man da alhazai ke kawowa tsaraba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kai ni can bayan na gama bautar ƙasa na shekara a gida ba aikin yi. Takalma yake sarowa a kasuwar Zhanxi Lu yana turawa Kano. Aikina in buɗe kwali, in duba ɗinki da lamba, in rufe. Ban taɓa ce masa aikin ya ishe ni ba, amma ina jin ya gani.

A farkon shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing, wani ya raka shi kasuwar furanni da ke tsallaken kogi, ya ga zaitun a cikin tukwanen roba, kowanne tsayinsa ya kai ƙirjina. Bai shawarci kowa ba ya sayi goma sha shida. Yana da gona a bayan gari can gida, inda ya gina ɗan masallaci saboda ma'aikata da masu wucewa, kuma ya riga ya gama shuka su a ransa: layi biyu, daga bakin hanya har ƙofar masallacin.

Na ce masa, cikin ladabi, ban tabbata zaitun zai yi 'ya'ya a ƙasarmu ba. Ya ce shi ba 'ya'ya yake nema ba, kuma itacen da Allah Ya rantse da shi ba ya jiran tabbacina. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni tsawon watanni. Ya ce ranar da itatuwan za su tafi gida tare da ni za su tafi, in dasa su da hannuna, in riƙe masa gonar gaba ɗaya. Wato in bar buɗe kwali, in koma abin da na karanta.

Aka hau da su rufin gidan da muke haya, kafin takardar izinin fitar da tsiro mai rai ta fito. Ejan da ke nema mana ita ya ce sati uku. Sai wasannin suka matso, komai ya tsaya cak. Biza ta yi wuya, masu sabuntawa a nan kusa aka ce su koma ƙasashensu su nemo. Kawu na cikinsu. Ni tawa da sauran 'yan kwanaki, sai aka ba wani ejan fasfona, wanda ya ce zai iya ƙara mini wa'adi ba tare da na fita ba. Ranar da Kawu zai tafi ya hau da ni rufin, yana bin tukwanen yana shafa ganye.

"Takalma kowa ya iya dubawa," ya ce. "Waɗannan kuwa kai kaɗai ne mai takardar karatunsu a duk garin nan. Goma sha shida na bar maka. Amana ce."

"In sha Allahu, Kawu."

"Kuma kada ka fita ba fasfo. Ana tsayar da mutane a bakin gada ana duba takardu."

Daga ranar duniyata ta koma ɗaki, matakala da rufi. Ko Juma'a ba na zuwa, azahar nake yi a gida.

Daminar Guangzhou ba irin tamu ba ce, da ake ruwa a ɗauke rana ta busar da ƙasa. Can iskar kanta jiƙe take. Ka shanya riga kwana biyu ka ɗauke ta da danshi. Takalmin samfur da na ajiye a ƙarƙashin gado ya yi funfuna fari fat cikin sati guda. Ɗan abin da na tuna daga littafi shi ne zaitun itacen busasshiyar ƙasa ne, don haka tun farko hankalina bai kwanta da wannan iskar ba. Na rage ba su ruwa, na ɗora tukwanen a kan bulo don kada su zauna cikin taɓo, na raba tsakaninsu iska ta riƙa wucewa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma wata guda suna nan shar.

A ɗakin Kawu aka sauki wani abokinsa, Alhaji mutumin Maraɗi, mai sayen yadi. Dattijo ne mai fara'a, ya girmi Kawu, ya yi jika da ni in an matsa. Baba nake ce masa. Shi kuma tunda ya ji abin da na karanta ya raɗa mini Likitan Icce.

Wata Juma'a da hantsi ya hawo rufin da butarsa, ya yi alwala, ya tsaya yana kallon itatuwan.

"Likita, wanga shi ne zaitun ɗin? Na cikin Littafi?"

"Shi ne, Baba."

Ya yi salati. Kafin in ankara ya kama wani reshe mai kaurin ɗan yatsa, ya murɗa, ya fizge. Ɓawon ya tsage har kusa da gindin reshen. Ya fere bakin da haƙori, ya fara goge baki, fuskarsa cike da murna irin ta wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ya ce shekara sittin yana asuwaki da kowane irin icce, bai taɓa samun na zaitun ɗanye ba sai a ƙasar da ba a zato.

Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Allah Ya ba da lada, Baba."

Ya tafi masallacin Huaisheng da asuwakinsa a aljihun gaba. Juma'ar da ta biyo mutum biyar suka hawo tare da shi, mutanen Maraɗi da na Yamai da wani Bakano mai sayen wayoyi. Ta gaba kuma ban ƙirga ba. Duk dattawa ne, yawancinsu abokan cinikin Kawu, wasu sun san mahaifina. Kowa ya yi bismillah ya karya. Babu wanda ya yi da mugun nufi. A gida ma haka ake yi, ka wuce darbejiya ka karyi reshe, bishiyar ba ta ko sani ba.

Sati biyu bayan karyar farko, idan ban manta ba, na ga alamar. A itacen da Baba ya fara taɓawa, ganyen da ke kusa da tsagar suka koma ruwan ƙasa, amma ba su zube ba, suna maƙale kamar an ƙona su da wuta. Ɓawon wurin ya lotsa, ya yi jaja-jaja. Na yanko reshen na tsaga shi a tsaye da reza. Cikin itacen, inda ya kamata ya zama fari, wani baƙin zane ya taso daga bakin raunin yana gangarawa ƙasa, mai faɗi a sama, siriri a ƙasa. Ƙasa da inda ido ke ganin bushewa, zanen ya riga ya yi gaba da kusan taƙi guda.

Na san wannan. Ba a zaitun ba, a mangwaro aka nuna mana. Funfuna ce irin wadda ke shiga itace ta wurin rauni, musamman lokacin danshi, ta toshe hanyar da ruwa ke bi, reshe ya mutu daga sama ya yi ta gangarowa har ta kai gangar jiki. In ta kai nan an gama.

Amma ni mutum ne da aka koya wa kada ya faɗi abin da bai gwada ba. Ba ni da madubin ƙara girma, ba ni da ɗakin gwaji, ba ni da malamin da zan nuna wa. Na yi ta kawo wa kaina wasu dalilai. Mai yiwuwa saiwa ce ta ruɓe. Mai yiwuwa da cutar aka sayo su tun daga kasuwa. Mai yiwuwa zafin siminti ne. Har yau ba zan rantse a kan sunan funfunar ba. Abin da na gani dai shi ne, duk inda bushewa ta fara, a bakin karaya ta fara.

Kawu yana kira duk bayan kwana uku. Ba ya fara tambayar takalma.

"Yaya 'ya'yana?"

"Suna nan, Kawu. Sai dai akwai 'yan ganye da suka ɗan canja, ina dai lura."

"Ganye ai dama yana canjawa. Fasfonka fa?"

"Ejan ya ce sati mai zuwa."

Na yi kwana biyu ina shirya yadda zan yi wa Baba magana. Na same shi yana shan shayi bayan la'asar, na durƙusa gefe.

"Baba, dama wata 'yar magana ce. Wato itatuwan nan, ina ganin kamar, wataƙila, yawan karya rassan zai iya kasancewa yana ɗan damun su."

"Mi ya same su?"

"Wasu rassan suna bushewa."

Ya yi dariya har ya ajiye kofin. "Likita, icce in ya bushe mi yake so? Ruwa! Wanga ko jikata ta sani, ba ta je jami'a ba. Na lura da kai, rowar ruwa kake yi musu kamar a rijiyar ubanka ake ɗebowa."

"A'a Baba, ai danshin ne ma nake jin kamar ya yi yawa."

"Kake ji, ko ka sani?"

Ya dafa kafaɗata, ya ce in kwantar da hankalina, icce mai albarka ne, hannun masu salla ba ya kashe shi. Daga ranar ya ƙara wata al'ada: duk wanda zai yi alwala a rufin, a gindin tukwanen zai yi, ruwan ya gangara ciki, ga lada ga ban-ruwa.

Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ce tunda ba zan iya hana su ba, bari in riƙa yanka musu da kaina. Na sami wuƙa mai kaifi, ina ƙona bakinta da wuta kafin kowane yanka, in yanka a karkace, in ɗiga kakin kyandir a kan raunin. Dattawan suka ji daɗi ƙwarai. Yanzu ba sai sun wahala ba, ga Likitan Icce mai digiri yana yanko musu daidai tsayi, har yana fere baki. Wanda a da yake karyar ɗaya ya koma cewa in ƙara masa biyu, zai kai wa surukinsa. Wani ya ce in ɗaure masa goma zai tafi da su Yamai. Na wayi gari ni ne mai rabon asuwaki, ina tsaye da wuƙa da kyandir ina yanka amanar da aka bar mini, ana sa mini albarka.

Magani nake buƙata, irin na feshi mai sinadarin tagulla, kuma na san a kasuwar furannin za a samu. Sau biyu ina saukowa har ƙofar gida da niyyar tafiya. Na farko na hango masu duba takardu a bakin layi, na juya. Na biyu ban ga kowa ba, amma na sake juyawa. Na yi tunanin in aka tsare ni wa zai hau rufin. Mai gidanmu wata tsohuwa ce da ke shuka albasa a kusurwar rufin. Na kai ta gaban itacen, na nuna mata baƙin zanen, na kwatanta feshi da hannu, na rubuta sunan maganin da Turanci. Ta gyaɗa kai. Washegari ta kawo mini ƙullin taki. Na sake nuna mata takardar, ta kaɗa hannu ta ce, "Meyo, meyo," wato babu. Ban sani ba ko maganin ne babu, ko mai karanta rubutuna.

Sannan aka yi guguwa da ruwa na kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Iska ta ɓamɓare kakin da na liƙa, ruwa ya yi ta fantsama daga itace zuwa itace. Da aka ɗauke na hau na tarar da abin da nake tsoro. A kan matattun rassan wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe sun fito kamar an barbaɗa garin masoro, kuma bushewar ta bayyana a itatuwan da jiya-jiya suke lafiya.

Ranar da aka buɗe wasannin ta faɗo Juma'a. Tun da safe gari ya cika da tutoci, ana jin talabijin daga kowace taga. Bayan na karya kumallo na hau da wuƙa da buhu, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina yanka reshe, in duba, in ga baƙi, in ƙara yin ƙasa. A itatuwa goma sha ɗaya na bi zanen har ya shige gangar jiki. Biyar ne kawai na sami farin itace kafin in kai can, su ma sai da na mayar da su kamar sanduna. Na ja biyar ɗin zuwa ƙarƙashin rumfar tankin ruwa inda ruwan sama ba ya kai wa, na cusa yankakkun rassan a buhu na ɗaure.

Ina cikin haka na ji hayaniyarsu a matakala. Na je na tsaya a bakin ƙofar rufin, riƙe da gangar itace guda da na tsaga biyu. Baba ne a gaba, mutum bakwai ko takwas a bayansa.

"Likita, ba mu hanya, lokaci na tafiya."

"Baba, yau babu asuwaki."

"Ka ji ɗan nema. Ya fara saida shi ne?" in ji Bakanon nan mai wayoyi. Aka yi dariya.

"Babu yau, babu gobe. Goma sha ɗaya sun mutu. Karyar da ake yi ce ta buɗe wa cuta hanya, ruwan da ake zubawa ya taimake ta. Ni ma da wuƙata na ƙara. Ga shi."

Na miƙa masa itacen. Ya karɓa, ya matsa inda haske yake, ya bi baƙin zanen da farcensa tun daga tsagar har ƙasa. Ya kai hanci ya sansana. Ya leƙa ta saman kafaɗata ya ga tukwanen. Babu wanda ya sake dariya.

"Tun yaushe ka san wanga?"

"An fi wata guda, Baba."

"Ka bar mu muna ta karya?"

"Na faɗa maka, ranar da kake shan shayi."

"Ba ka faɗa ba." Bai ɗaga murya ba. "Ka ce wataƙila. Ka ce kamar. Ni ɗan kasuwa ne, ɗana. In mutum ya ce mini wataƙila, na san bai da kaya. Da ka tsaga icce ka aza mini a hannu kamar yau, wa zai sake taɓa shi? Ka ɗauke mu mahaukata ne, ko azzalumai?"

Ya juya ya ce wa sauran su sauka, wanda bai yi alwala ba ya yi a ƙasa. Shi ya tsaya a baya. Ya ce in kira Kawu yanzu, a gabansa, kafin labari ya riga ni, don mutum takwas sun gani kuma kowannensu yana da waya.

A gida gari bai daɗe da wayewa ba. Kawu ya ɗauka a bugu na biyu.

"Yaya 'ya'yana?"

"Goma sha ɗaya sun mutu, Kawu. Saura biyar."

Na faɗa masa komai, har da rabon da na riƙa yi da hannuna. Baba ya karɓi wayar ya ce laifin nasa ne, shi ya fara. Na ji muryar Kawu tana cewa haba Alhaji, ai ba kai na bar wa ba. Aka dawo mini da wayar.

"Biyar ɗin za su rayu?"

"Ban sani ba, Kawu."

"To," ya ce, ya kashe.

Daga ranar Baba ya karɓi makullin rufin ya sa a aljihunsa, ba mai hawa sai ni da tsohuwa mai albasa. Shi ya ɗauki takardar da na rubuta sunan maganin ya tafi kasuwar furannin da wani tafinta, ya dawo da garin magani shuɗi. Na yi feshi, na ci gaba da dubawa safe da yamma. Ɗaya daga cikin biyar ɗin ya bi sauran bayan sati biyu. Huɗu suka tsaya, har suka fara fitar da toho.

Fasfona ya dawo cikin azumi. Kawu ya dawo bayan salla. Ya ajiye jaka ya hau rufin ko ruwa bai sha ba, ina biye da shi. Ya tsaya gaban sandunan nan huɗu masu ɗan ganye a ka, ya daɗe. Na so in yi bayanin cewa tohon alama ce mai kyau, cewa in aka samu rani ya shigo za su iya murmurewa, amma na ga duk abin da zan faɗa da wataƙila zai fara.

Ya ce layi biyu ba ya yiwuwa da itace huɗu, kuma ba zai sake bin takardar fitar da su ba. Ya ce a bar wa tsohuwar, in tana so. Gonar kuma ya riga ya ba wani ɗan ƙanensa riƙo tun kafin ya taso.

"Sauko," ya ce. "Akwai kwali arba'in da suka iso jiya, ba a duba ba."

Na sauka. Na ƙara shekara biyu a Xiaobei ina duba ɗinki da lamba.